Girar Taya a Garejojin Sabha

Wanda bai taɓa ratsa Sahara ba, idan ya ga ƙarfen nan da ake ƙarawa a saman tayar mota, ya turo waje kamar gira, sai ya ɗauka kwalliya ce. Mu da muke neman abinci da guduma a garejojin Sabha, 'yan Damagaram da Maraɗi da Kano, mun san akwai ranar da rayukan mutane ke rataye a jikinsa. Larabawan nan barafango suke kiran murfin taya, kalmar da Italiyawa suka bar musu. Ƙarin da muke yi masa kuwa, a tsakaninmu gira muke ce masa.

Motar da za ta bi hanyar Agadas, ta Gatrun da Madama da Dirku, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, tana buƙatar taya mai faɗi, domin idan aka rage mata iska sai ta baje a kan rairayi maimakon ta nutse. To amma tsohuwar Land Cruiser, irin samfurin 40 da Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984, ba a yi bakin tayarta don wannan faɗi ba. Da an jibga mata jarkokin ruwa da na mai da buhuna, sai ta zauna, gefen ƙarfe ya riƙa lasar roba a duk gargadar da aka faɗa. Fashewar taya a cikin gari ɓacin rai ne kawai. Tsakanin rijiya da rijiya kuwa, bayan ta ajiya ta ƙare, sai dai addu'a.

Shi ya sa ba ma awo da mota babu kaya. Sai mun loda mata nauyi, mun murɗa sitiyari iyakarsa dama da hagu, sannan mu ja layi da alli, mu fitar da siffar girar a kwali. Bayan yanka, tilas a naɗe bakin ƙarfen ciki, kada a bar masa kaifi. Walda kuma ɗigo-ɗigo ake yinta, a bari ya huce, a koma. Mai gaggawa zai ga falle ya kumbura kamar gurasa. Akwai girar roba da ake ɗaurawa da noti, mai araha, mai saurin sakawa. Ranar Fezzan ba ta raga mata, kafin a jima ta bushe ta tsage.

Inda hannunmu ke nauyi shi ne idan matashi ya kawo motar da ya gada, lafiyayya, ya ce a buɗa mata baki sosai don ya hau tuddan Ubari abokai su ɗauke shi hoto. Kuɗinsa ne, motarsa ce, mu kuma akwai masu jiran aikenmu a gida. Sai dai ƙarfen da ya shekara 40 bai ruɓe ba, idan aka yanke shi ba ya dawowa, kuma duk mai sayen tsohuwar mota ya san bambancin jikin asali da na faci. Mukan ce masa: “Maigida, mu fara da wadda ake ɗaurawa, in ba ta yi maka ba a kwance.” Wasu su yarda. Wasu su tayar da mota, su nufi garejin da ke gaba da namu.