Lokutan aikatau na Ingilishi: guzurin da ɗan Hausa ya zo da shi daga gida

A ƙasar Nijar yaro yakan fara gamuwa da Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, bayan ya share shekara shida yana fama da jadawalin aikatau na Faransanci. Saboda haka idan malami ya zana gidaje goma sha biyu a allo, ya ce ga lokutan Ingilishi, sai yaron ya shiga nema wa kowane gida takwaransa a Faransanci. Harshen da ya sha a nono kuwa akan bar shi a bakin ƙofar aji. Wannan asara ce babba, domin a fagen nan Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi a wurare da dama.

Misali na farko shi ne bambancin «I eat» da «I am eating». Bafaranshe da «je mange» kaɗai yake biyan buƙatun nan biyu, don haka ɗalibin da ya biyo ta Faransanci ba ya ganin dalilin raba su. Amma tun bai kai shekarun shiga makaranta ba ya san «baba yakan sha shayi» dabam ne da «baba yana shan shayi»: na farko hali ne da sabo, na biyu aiki ne da ake tsakiyar yi. Gaskiya ne Bahaushe yakan ce «yana zuwa kullum», ya ba lokaci mai ci aikin sabo; duk da haka bambancin yana cikin kunnen yaron, tunatarwa kawai yake bukata.

Dalilin wannan kusanci yana cikin ginin harsunan. A Hausa ba wutsiyar aikatau ke nuna lokaci ba. Ɗan lamirin da ke gabansa shi ke ɗauke da nauyin, kuma abin da ya fi nunawa shi ne ko aikin ya kammala, ko yana ci, ko an saba yin sa. Shi ya sa ake cewa «jiya da ka zo ina karatu», «yanzu ina karatu», «gobe war haka ina karatu», ba tare da «ina» ya motsa ba. Ingilishi kuma siffa biyu kaɗai aikatau nasa yake da su ta fuskar lokaci, kamar «walk» da «walked». Sauran duka da mataimaka irin su «be», «have» da «will» ake gina su. A «I was reading», «I am reading» da «I will be reading», mataimakin ne ke faɗin lokaci, wutsiyar «-ing» kuma tana faɗin abin da «ina» ke faɗa. Idan yaro ya gane haka, gidajen goma sha biyu sai su koma lokaci uku, kowanne da yanayi huɗu.

Babban ramin da Faransanci ke haƙa wa ɗalibi kuwa shi ne kamannin «j'ai vu» da «I have seen». Gininsu ɗaya ne, aikinsu ya sha bamban. Bafaranshe yakan ce «j'ai vu Moussa hier», amma «I have seen Musa yesterday» kuskure ne, domin da zarar an ambaci lokacin da ya shuɗe, kamar jiya ko bara, «I saw» ake cewa. A nan ma Hausa tana da tsani. «Na ga Musa jiya» labari ne da ya wuce. «Na taɓa ganin Musa», «na riga na ci», «ban ci ba tukuna» kuwa suna magana ne a kan abin da ke da tasiri har yanzu. Kalmomin nan uku, taɓa da riga da tukuna, su ne galibi ke kiran «have».

Ba a ce Hausa ba ta da nata tarkon ba. Mai cewa «ina son ruwa» yana iya zamewa ya ce «I am wanting», alhali aikatau na so da sani da mallaka ba safai suke karɓar «-ing» ba. «Na sani» da «na gane» suna da siffar abin da ya kammala, amma fassararsu «I know» da «I understand» ce. Akwai kuma inda harsunan biyu ke haɗa baki su ɓatar da yaro: «shekara goma ke nan ina zaune a Maraɗi» da «j'habite Maradi depuis dix ans» duka suna tura shi ga «I am living», alhali «I have been living» ake bukata. Malamin da ya san harshen ɗalibansa yana hango irin waɗannan kurakurai tun kafin su sauka a takardar jarrabawa.

Maganar ta wuce ta nahawu kaɗai. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ɗan Tawa ko Yamai da ke neman jami'a a Kano ko Akara, da ɗan kasuwar da ke rubuta wa abokin cinikinsa wasiƙa, kowannensu yana bukatar ya bambance kayan da aka aika, da waɗanda ake aikawa, da waɗanda za a aika. Ya dace malaman Hausa da na Faransanci da na Ingilishi a kowace makaranta su zauna su jera misalan harsunan uku a allo ɗaya, ko da sau ɗaya ne a zango. Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari. A ajin Ingilishi na ƙasar Hausa, ɗan garin shi ne harshen da yaro ya zo da shi.