T-34 a kan teburina: yadda na haɗa ta, na kuma tsufar da ita

1/ Jama'a, tunda na saka hoton tankar nan saƙonni ba su bar ni na huta ba. Wasu na tambayar inda na saya, wasu sun rantse kwamfuta ce ta haɗa hoton, wani bawan Allah kuma ya ce "babba da kai kana wasan yara". To ku gyara zama, zaren yana da tsawo 🧵

2/ Ba a haka ake sayenta ba. A kwali take zuwa, gutsi-gutsin roba maƙale a jikin firam, kowane da lambarsa, sai takardar da ke nuna wane ne zai hau kan wane. Kai za ka yanko, ka goge, ka manna, ka yi fenti. Ni wata biyu da 'yan kwanaki ta ci min, yawanci bayan isha'i.

3/ T-34/76 ce ta Tarayyar Sobiyat, samfurin 1943, ta kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a Japan. Ma'auninta 1/35, wato duk santimita 35 a jikin ta gaske ya koma santimita 1. Faɗin ta gasken mita 3 ne, tawa ba ta cika santimita 9 ba. Tafin hannu ɗaya ya ɗauke ta.

4/ Wannan 1/35 ɗin ma ba wani lissafi ne ya kawo shi ba. A farkon shekarun 1960 Tamiya suka yi tankar Panther mai tafiya da batir, suka yi girmanta daidai yadda batiran za su shiga. Da aka auna sai ta faɗo a 1/35, duniya kuma ta bi. Shi ya sa har yau idan ka juya tsofaffin samfuransu za ka ga ramuka a ƙasa. Tawa ma tana da su, toshe su na yi.

5/ Mai cewa wasan yara, ban ji haushi ba fa. Mu da muka yi motar kara da ta gwangwani, muka yanka silifas muka yi taya, ai mun san daɗin abin tun tuni. Bambancin kawai, a can idan motarka ta gudu shi ke nan. A nan sai ta yi kama da wadda mutane suka rayu a ciki.

6/ Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramar wuƙa mai kaifin reza, abin yanke farce don cire guntayen daga firam, sanfefa mai laushi, hantsaki, tsinken sakace, audugar kunne. Abin da ba shi da madadi shi ne gam ɗin roba mai ruwa-ruwa. Ba liƙewa yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya.

7/ Kuɗi? Kwalin da fentin daga waje suke zuwa, kun kuma san halin da dala take ciki. Ba zan ce muku abu ne mai araha ba. Kwali ɗaya nake saye, in daɗe a kansa.

8/ Haɗawar kanta ba ta da wani labari. Tayoyi biyar manya a kowane gefe, gangar jiki, sai kan da ke juyawa da igwa. Wanda ya iya bin takarda zai gama a kwana uku. A nan ne da yawa suke tsayawa, su shafa kore, su ɗora a kan talabijin. A wurina a nan aikin yake farawa.

9/ Domin robar da ta fito daga masana'anta sumul take, T-34 ta gaske kuwa ba ta taɓa yin sumul ba. Da Jamus ta kutsa a 1941, kwashe masana'antar Kharkov aka yi a jirgin ƙasa zuwa Nizhny Tagil a tsaunukan Ural. Mata da samari 'yan ƙasa da shekara ashirin na cikin masu ƙera ta. Babu mai lokacin goge walda ta yi kyau.

10/ Don haka sai na mayar mata da muninta. Kan tankar zubin narkakken ƙarfe ne, fatarsa gwarje-gwarje. Na narkar da fila, irin wadda masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da ita, na riƙa dangwala ta da tsohon buroshi mai tauri. Ta bushe, na bi da sanfefa sama-sama. Ka shafa da yatsa ka ji kamar bayan tukunyar ƙarfe.

11/ Walda kuma dabara ce mai daɗi. Ka ɗauki guntun firam ɗin da ya rage, ka kara shi a kan kyandir, da ya yi laushi ka ja. Zai miƙe ya zama siriri kamar zare. Ka kwantar da shi a mahaɗar faranti biyu, ka jiƙa da gam, ka bi shi da bakin wuƙa kana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Na je na tsaya wurin mai walda a unguwarmu na kalli yadda layin yake taruwa kafin na fara.

12/ Sarƙar ƙafa. T-34 ba ta da ƙananan tayoyin da ke tallafe sarƙa ta sama, saboda haka sarƙar kwanciya take yi a kan manyan tayoyin. Wadda ke cikin kwalin ta roba ce mai tauri, so take ta miƙe ƙyam. Ɗaure ta na yi da siririn zare a jikin tayoyin ta ciki. Idan ka ga T-34 sarƙarta na shawagi a sama, nauyin tan 30 ɗin nan ya tafi.

13/ Fenti. Sojojin Sobiyat suna da korensu, sunansa 4BO. Kafin shi na fesa fentin share fage mai duhu, sannan koren a shafa uku sirara. Na ƙara masa haske a saman da rana ke duka, na bar duhu a lunguna. Ƙaramin abu ba ya yin inuwa kamar babba, sai ka taimaka masa.

14/ Nan ne yanayinmu yake shigowa. Da rana fentin ruwa bushewa yake a bakin na'urar feshi kafin ya isa jikin roba, sai ya sauka kamar gari. Da hunturu kuma ƙura ce ke jiran ka. Ina fesawa nake kife ta da robar ajiye abinci. Ga wuta, kwamfiresa na aiki sai ka ji ɗif. Wanda ba shi da na'urar ya yi da buroshi mai faɗi, ya tsinka fentin sosai, ya yi haƙuri da shafa huɗu ko biyar.

15/ Yanzu ga inda nake so ku tsaya da ni. Tsufar da ita. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina: babu tabon da zan sa sai na iya faɗin abin da ya jawo shi. Wa ya taka nan? Me ya zube a nan? Idan babu amsa, buroshi ba zai taɓa wurin ba.

16/ Kuma ba za ka amsa ba sai ka san su waye a ciki. Mutum huɗu ne. Direba a gaba ta hagu, mai rediyo da bindiga mai sarrafa kanta a damansa, sai biyu a cikin kan: mai loda harsashi da kwamanda. Kwamandan shi ne kuma mai harba igwar mai milimita 76. Yana neman abokin gaba, yana saiti, yana ba direba umarni, duk shi kaɗai.

17/ Ƙofar direba a jikin farantin gaba take, mai kaurin milimita 45 a kishingiɗe. Ta nan yake shiga da fita kullum, takalmi na gogar baki. Na ɗauki ɗan soso, na dangwala fenti mai duhu, na goge a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan na taɓa gefen ƙofar. Bayan nan fensir na makaranta a kan kusurwa. Baƙin fensir yana ba da ƙyallin ƙarfen da hannu ya saba da shi.

18/ Duba bayan kan tankar da gefenta, akwai mariƙai na ƙarfe. Sojojin ƙasa ne ke hawa su riƙe, a kai su fagen daga a haka, a fili, ba abin da ya kare su. Saboda su na cinye fentin saman injin fiye da ko'ina, na zuba ƙasar takalma a wurin. Na canza mariƙan roba da siririyar waya don na robar sun yi kauri.

19/ Injin dizal ne, V-2, mai silinda 12, a baya yake. Duk wanda ya taɓa bin bayan tsohuwar tirela a hanyar Kaduna ya san abin da dizal ke yi. Baƙin hayaƙi a ƙarƙashin salansa biyun, da maiƙo. Garin alli baƙi na masu zane na shafa a bushe, sai ɗigon fentin mai a inda ake zuba mai, na ja shi ƙasa da buroshi mai ɗan tina.

20/ Tsatsa kuwa, a nan nake saɓawa da mutane da yawa. Za ka ga hotunan tankoki a intanet jajur kamar sun shekara ashirin a bola. Suna da kyau a ido, ban musa ba. Amma ƙarya ce. An ƙera T-34 sama da 50,000 kafin ƙarshen yaƙin a 1945, aka rasa sama da 40,000. Yawancinsu ba su yi tsawon ran da za su yi tsatsa ba.

21/ Tawa salansa ce kawai da ɗan jikin sarƙa ke da tsatsa. Sauran jikin fentinsa sabo ne a ƙarƙashin ƙura. Idan ka gane dalilin, sabon fentin ya fi tsatsar ban tsoro.

22/ Ƙasar ma sai da na yi tunani a kanta. Ga jar ƙasa nan a ƙofar gida, kyauta, in tankaɗe da rariya in manna. Amma tankata ta Kursk ce, Yulin 1943, yankin da aka sani da baƙar ƙasa. Jar ƙasa a jikinta daidai yake da a sa wa Bature rawani a ce ɗan gari ne. Na haɗa garin alli ruwan toka da ruwan ƙasa mai duhu, mai kauri a tayoyi, yana raguwa yana hawa sama.

23/ Wanda ya jagoranci zana ta, Mikhail Koshkin, bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. A Maris 1940 ya bi samfura biyu na gwaji daga Kharkov zuwa Mosko a cikin sanyi don ya nuna wa shugabanni. Ciwon huhu ya kama shi, ya mutu a Satumban shekarar, watanni kafin yaƙin ya iso ƙasarsa.

24/ Akwai saƙo ɗaya da ya fi na "wasan yara" nauyi. Wata 'yar'uwa daga Maiduguri ta ce ita ta ga irin waɗannan a titi, ba a kan tebur ba, kuma ba ta ga abin ƙawatawa a jikinsu ba. Ba ni da gardama da ke, 'yar'uwa. Abin kisa ne, an ƙera shi don haka.

25/ Abin da zan iya cewa shi ne, wata biyun nan sun sa na daina ganin tanka a matsayin hoton jarumta. Sai da na zauna ina lissafin inda gwiwar mutum za ta bugu, yadda mutum huɗu za su fita ta ƙananan ƙofofi idan wuta ta kama. Giyarta ma tauri gare ta, har mai rediyo kan taya direba jan sandar. Da a ce na shafa mata kore mai sheƙi na ɗora a kan talabijin, da maganarki ta fi kama ni.

26/ Masu tambayar me ya sa babu sojoji a kai: ba na sa mutum-mutumi, zaɓina ne. Ƙofofin sama biyu ne masu zagaye, idan an buɗe su duka sai su yi kamar kunnuwa, har Jamusawa suka riƙa ce mata Mickey Mouse. Ɗaya na buɗe, ɗaya na rufe. Na yi wa cikin farin fenti iya inda ido zai kai.

27/ Lambar jikinta sitika ce ta ruwa. A jiƙa, a zame ta a kan wuri mai santsi, a danne da audugar kunne. Daga ƙarshe feshin kariya marar sheƙi a kan komai, sai na sake bin gefen sarƙa da fensir don feshin yana kashe ƙyallin.

28/ Ga mai son farawa: kada ka jira na'urar feshi. Kwali ɗaya mai sauƙi, gam, kore ɗaya, buroshi biyu. Ka yi aikin inda iska ke shiga don warin gam da tina ba wasa ba ne, ka kuma ɓoye wuƙar daga ƙannenka. Kafin ka sa tabo ko ɗaya, ka nemi hotunan ta gaske na lokacin yaƙi ka ƙura musu ido. Na gidan tarihi an sha sake musu fenti.

29/ Ta gaba da nake nema ita ce Saladin, motar sulke mai taya shida ƙirar Ingila, wadda sojojin Najeriya suka yi amfani da ita a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Duk wanda kakansa ko babansa ya bar tsohon hoto a gida da irinta a ciki, don Allah ya turo min, ko da ya dushe. A wannan karon jar ƙasar ƙofar gida za ta yi aiki, na ma riga na tankaɗe ta na zuba a gwangwanin madara.