Kafin Ka Ɗaura Inji, Ka Tanadi Filafili

'Yan uwa marubuta, mu nan gaɓar tafkin Kainji, daga Wara zuwa Yelwa, yawancinmu da tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo muke rubutu. Windows ta yi musu nauyi, shi ya sa muka koma Ubuntu, ɗaya daga cikin 'ya'yan Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991. Kyauta ce, kuma a buɗe take, kowa na iya duba cikinta ya gyara.

Inda gizo ke saƙa shi ne allo. Duk abin da ka gani a fuskar kwamfuta, wani ɗan kati ne a ciki yake zana shi, kuma yana buƙatar manhajar da ake kira direba. Mai katin NVIDIA direba biyu ke gabansa. Akwai nouveau, wanda 'yan sa kai suka haɗa, yana zuwa tare da Ubuntu. Akwai kuma na kamfanin, mai sauri, amma a rufe yake, ba mai gyara shi sai masu shi.

Mun sha ganin yadda abin ke ƙarewa. Mutum ya ɗora na kamfani, wata biyu lafiya lau. Ranar da zuciyar Linux ta sabunta, direba ya kasa jituwa da ita, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ga babi goma sha biyu a ciki. Tsohon kati ya fi shiga wannan hali, domin kamfanin ya daina kula da jerin direbobi na 340 tun ƙarshen 2019. Mai gyara kuwa, in bai san Linux ba, maganinsa ɗaya: ya goge komai ya ɗora sabo. Nan littafi yake mutuwa.

Alhali rubutun yana nan, allo ne kawai ya makance. A danna Ctrl da Alt da F3, shafin umarni zai fito. A cire direban da umarnin apt purge, a sake kunnawa, nouveau ya karɓi aiki. Wannan sauƙin na wanda ya ɗora direba daga rumbun Ubuntu ne. Wanda ya ɗauko daga intanet, cirewarsa ta fi wuya.

Dubi masu jirgin ruwa a tafkin nan. Komai ƙarfin injinsu, ba sa barin gaɓa babu filafili, don sun san inji na mutuwa a tsakiyar ruwa. Haka muka ɗauki al'amarin. Ba mu ɗora abin da ba mu san yadda ake cire shi ba, kuma kafin mu taɓa komai sai mun kwafe rubutu a filashi biyu.

Marubuci ma me zai yi da sauri? Muddin ɓ da ɗ da ƙ sun fito da lanƙwasarsu, allo ya biya mu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.