Makarantar Da Za Ki Iya Gamawa

Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba. Labarin gidanmu ne, na yadda saura ƙiris in jefa Innarmu da ƙanwata cikin wahala da hannuna, alhali ina ganin gata nake yi masu.

Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni da Auta. Ni ina gama sakandare karatu ya tsaya, don a shekarar ne Allah Ya yi wa Baba rasuwa, sai na rungumi biro da keken ɗinkin da ya bari. Ita kuwa Auta Allah Ya hore mata ƙwaƙwalwa. Tun ranar da ta raka Inna cire haƙori, suka wuni a layi Inna na riƙe da kumatu tana hawaye, ta dawo ta ce ita fa likitar haƙori za ta zama. Muka yi ta dariya, ashe har zuci take nufi.

A 2022 ta zauna jarrabawar JAMB, ta rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, sakamako ya yi kyau. To a nan fa aka shiga tsaka mai wuya, domin malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki tun watan Fabrairu, ba su janye ba sai Oktoba. Wata takwas cur! Kullum in na ga Auta ta yi tagumi a bakin rijiya sai gabana ya faɗi, in tuna ni ma da "bari zuwa baɗi" nawa karatun ya tafi.

Ana cikin haka ɗiyar maƙwabtanmu ta tashi zuwa Khartum ta ƙasar Sudan, karatun likita. Aka yi walima, aka yi hotuna. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Da asuba na sami Inna kan sallaya na ce, "Inna, mu ma mu kai Auta Sudan. Can babu yajin aiki, ga Musulunci, ga Larabci. A sai da filin Baba na bayan Ƙofar Ƙaura, ni kuma in haɗa da sarƙata da kuɗin littafina."

Inna ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Filin zai biya shekara nawa?"

Na ce, "Biyu, in an matsa."

"Karatun fa shekara nawa ne?"

Na yi shiru, don ban taɓa lissafawa ba. Ta ce, "Jeki ki kira mani Kawunku."

Kawu tsohon malamin makaranta ne, ba ya magana sai da takarda. Ya zo da yamma, ya yago fallen littafi ya ja layi uku: Khartum, Maiduguri, Kano. Ya dubi Auta ya ce, "Ɗiyata, a nan ƙasar karatun haƙori shekara 6 ne, bayan shi ga shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ga bautar ƙasa. Kuma ba rajista kaɗai ake biya ba. Akwai ɗakin kwana, abinci, littattafai, kuɗin mota, da kayan aikin hannu da ɗalibin haƙori ke saya in ya fara taɓa marasa lafiya. Duk abin da muka rubuta sai mun ninka shi sau shida."

Layin Khartum da dala ake biyansa. Ya ce kuma ko ta gama ta dawo, ba za ta taɓa bakin kowa ba sai ta ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, wadda ake yi wa waɗanda suka yi karatu a waje. Jami'ar Maiduguri kuwa ta riga ta Kano buɗe sashen haƙori, amma daga Kano kaɗai tafiyar kusan kilomita 600 ce, ta Potiskum da Damaturu. Daga Katsina zuwa Kano kuwa wajen kilomita 170 ne, mutum ya karya kumallo a gida ya yi azahar a can. Jami'ar Bayero na da tsangayar haƙori, ɗalibanta na koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma Goggonmu na aure a Kabuga.

Sai ya ajiye biro ya ce, "Saura magana ɗaya. Ina takardarta ta shaidar asali?"

Nan fa ake yinta. Mu dai a Katsina aka haife mu, a nan aka yanke mana cibiya, Hasumiyar Gobarau muke hange in mun hau soro. Amma Baba mutumin Gumel ne, ya zo Katsina ɗinki tun Gumel na cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Ita kuwa takardar asali, wadda 'yan boko ke kira indijin, galibi garin uba take bi, ba inda aka haife ki ba. Tallafin karatu na gwamnatin jiha da ita ake nemansa, haka nan jami'o'in jihohi da yawa sun fi cajin wanda ba ɗan jihar ba. Auta ta fashe da kuka, wai ashe ita baƙuwa ce a garinsu.

Washegari wani ɗan unguwarmu ya ce in ba shi na goro, cikin kwana biyu zai kawo mana ta Katsina. Ban ɓoye maku ba, har na kwance bakin zane. Da Inna ta ji sai ta kafe ni da ido ta ce, "Mi kika ce? Ubanku bai daɗe a ƙasa ba za ku canza mashi gari saboda takarda? Ranar da aka gano, tana aji biyar aka kore ta, wa gari ya waya?" Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Kawu ne ya kwantar mana da hankali. Ya ce jami'o'in tarayya kuɗinsu ɗaya ne ga ɗan kowace jiha, kuma guraben karatu kashi uku ake raba su: 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari baya a boko. Jigawa na cikin yankin Jami'ar Bayero, tana kuma cikin kaso na ukun. Ashe takardar da muke gudu, ita ce za ta yi mana rana. Muka shirya muka tafi Gumel, Baffanmu ya kai mu wurin mai unguwa da hakimi, daga nan sai sakatariyar ƙaramar hukuma. Ranar ce Auta ta fara ganin ɗakin da aka haifi Baba.

Duk da haka raina bai so ba. Na fi wata ina kumbure-kumbure, gani nake an tauye yarinya. Allah Ya sa ta sami gurbi a Kano, ta fara karatu a 2023.

Ranar 15 ga Afrilun 2023, muna cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ɗiyar maƙwabtan nan tamu, Allah sarki, a mota aka kwaso su zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can cikin rana da ƙishirwa kafin jirgi ya sauke su Abuja a watan Mayu. Mahaifiyarta a ɗakin Inna ta riƙa kwana tana kuka. Ba a jima ba kuma Naira ta faɗi: dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 a farkon 2023, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Na ɗauko fallen takardar Kawu na sake lissafi, sai na ga ko da babu yaƙi, filin Baba ko shekara guda ba zai biya ba. Na je na durƙusa gaban Inna na ce ta yafe mani. Ta ce, "Tashi, ai so ne ya rufe maki ido."

Ba wai Kano kyauta ba ce. A 2023 ɗin an ƙara kuɗin rajista, mota ma ta yi tsada bayan cire tallafin man fetur. Amma nauyi ne da adashen Inna da ɗinkina ke iya ɗauka, filin kuma yana nan. Tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na NELFUND, bashi marar ruwa, sai dai ki tuna bashi ne, biya ake yi.

Don haka ƙanwata, kafin ki cike fom, zauna da wani babba ku ninka kuɗin da yawan shekarun. Ki nemi takardar asalinki ta gaskiya tun kina aji biyar. Ki tabbatar hukumar likitoci ta amince da sashen da za ki shiga. Kada hoton walimar wata ya zaɓa maki makaranta, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Hutun da ya wuce Auta ta sa Inna ta buɗe baki tana haska mata da fitilar waya, tana yi mata faɗan goro. Inna na dariya, ni kuwa na koma bayan keke ina share hawaye. Allah Ya ba ku ilmi mai amfani, Ya jiƙan iyayenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.