Kurar Gardi Ta Koma Cikin Waya



Duk wanda ya tashi a Pataskum ya san yadda kasuwa take komawa idan gardawa suka shigo. Ga kura ɗaure da sarƙa an sa mata takunkumi, ga gwaggon biri cikin riga, wani ya rataya mesa a wuya, ganga tana tashi. Kafin ka ce kwabo an kewaye su. Mai awo ya ajiye mudu, yaron da aka aika cefane ya manta da aiken. Amma ba kura gardi ya zo sayarwa ba. Sai ya ga taro ya cika ya batse sannan ya kwance jaka ya fito da laya da ƙullin magani: na maciji, na basir, na farin jini. Aikin kura kawai ta tsayar da ƙafar mai wucewa.

Wannan sana'ar ce muke gani yau a TikTok da Facebook. Matashi ya shiga kwata ya yi wanka, wani ya zazzaga wa kansa buhun gawayi, wani ya ɗaura zane ya kashe murya. Mu yi ta Allah wadai, muna cewa yaro ya haukace. Ku ba shi wata biyu. Za ku gan shi tsaye a shagon waya ko na shadda yana cewa ku zo ku saya, an biya shi kuɗin talla. Ɗan kasuwar da ya ɗauke shi bai damu da kwatar ba, mabiyansa yake so. Haka masu kayan mata da masu maganin ƙarfin maza suke yi, su fara da maganar da za ta sa mutum ya toshe kunne, lambar waya ta biyo baya.

Mu da muke riƙe da zauren ƙungiya na WhatsApp muna ganin abin kullum. A sa sanarwar taro, ko neman gudummawa ga ɗan uwa da ke kwance a asibiti, mutum uku ko huɗu ne za su amsa. A turo bidiyon ɗan maraƙi mai kai biyu, kafin la'asar ya zaga zaure goma ya dawo mana daga hannun wani da ke Legas. Ba don mutanenmu ba su da tausayi ba. Ido ne ba ya tsayawa a kan abin da ya saba gani. Tirela nawa ke wucewa ta garin nan a yini ba wanda ya waiwaya? Ɗaya ta kife, a bar sana'a a tafi kallo. Sannan kowa yana son ya zama shi ya fara kawo labari majalisa. Daɗin "kun ji abin da ya faru?" ba ƙarami ba ne, kuma dattawanmu ma ba su tsira ba.

Inda waya ta fi gardi wayo shi ne ita tana ƙirga. Manhajar tana lura da daƙiƙa nawa ka tsaya a kan bidiyo, ko ka maimaita shi, ko ka yi magana a ƙarƙashinsa, ko ka tura wa wani. Ba ta bambance yabo da zagi. Wanda ya rubuta "wa'iyazu billahi" da wanda ya rubuta "ka burge ni" duk ɗaya ne a wurinta, an dai tsaya. Sai ta ƙara nuna wa wasu dubbai. Wato malamin da ya tura bidiyon don ya nuna lalacewar zamani ya yi wa yaron kiɗa kyauta.

Turawa ma sun bincika. A 2018 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka bi diddigin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter. Suka tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma na gaskiya yakan ɗauki lokaci kusan ninki shida kafin ya kai ga mutum 1,500. Dalilin da suka fi karkata gare shi shi ne baƙuntar labarin. Abin da hankali zai ɗauka ne. Gaskiya dole ta tsaya iya abin da ya faru, mai ƙarya kuwa yana da damar ƙara gishiri yadda ya ga dama.

Tunda an ambaci gishiri, wa zai manta da watan Agustan 2014? Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, sai ga saƙo cikin dare: a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha. Aka yi ta buga wa 'yan uwa waya kafin asuba, uwa ta tashi 'ya'yanta, maƙwabci ya ƙwanƙwasa wa maƙwabci. Aƙalla mutum biyu suka rasu a ƙasar nan saboda shan ruwan gishirin, wasu da dama aka kwantar da su. Cutar kuwa ba ta ma iso Arewa ba har aka sanar da ƙarewarta a Nijeriya ranar 20 ga Oktoba. Babu wanda ya tura saƙon nan da mugun nufi. Ƙauna ce da tsoro suka ɗauke shi, kowa yana cewa gara in faɗa ko da ƙarya ne. Haka aka yi a 2011 da lambar wayar da wai duk wanda ya amsa ta zai mutu, har sai da hukumar NCC ta fito ta ƙaryata.

A garin da ya sha abin da Pataskum ta sha a shekarun tashin hankali, wannan ba wasa ba ne. Mun ga lokacin da jita-jita ɗaya take watsa kasuwa, iyaye su ruga makaranta kwaso yara. Kasuwar shanunmu tana tara fatake daga nesa. Hoton wata mushen saniya da aka ɗauka a wata ƙasa, aka rubuta sunan garinmu a kai, ya isa ya sa mai saye daga Kudu ya fasa tasowa, dillali da ɗan kamasho da direba su kwana ba ciniki.

Yaran da ke wankan kwata su ma namu ne. Da yawansu sun gama makaranta ba aiki, sun ga wanda ya yi abin kunya ya hau mota, mai ɗinki da mai walda suna nan inda suke. Gardi aƙalla ya gaji sana'arsa, kuma in magariba ta yi ya naɗe kayansa ya bar gari. Bidiyo ba ya barin gari. Ranar da yaron zai je neman aure, dangin yarinya za su tarar da shi yana nan.

A zamanmu na ƙarshe an amince cewa duk wanda ya turo irin wannan abu zaure za a yi masa tambaya uku: a ina ne, yaushe ne, wa ya gani da idonsa? In babu amsa za a goge, ko da babba ne ya turo, tare da ba shi haƙuri ta bayan fage. Masu sanarwar rasuwa, ɗaurin aure da neman jini a asibiti su ci gaba da turowa kamar yadda aka saba.