Dariya Ma Tana Buƙatar Jama'a

A shekarar 1951, lokacin da Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz suka fara shirin barkwancin nan mai suna I Love Lucy a Amurka, sun yanke shawarar da ta sauya wannan sana'a: ɗaukar wasan da kyamarori uku a lokaci guda, a gaban 'yan kallo kimanin 300. Mai karatu na iya tambaya, ina ruwanmu da wannan a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, inda maganar tsira da rai ta sha gaban maganar nishaɗi? Ni a ganina da ruwanmu, kuma ga dalili.

Ɗan wasan da ke gaban kyamara kaɗai shi ke da iko da lokacinsa. Wanda ke gaban jama'a kuwa dole ya kasa kunne. Idan ya yi magana aka tuntsire da dariya, sai ya dakata ta lafa, in ba haka ba maganar da ke biye ta nutse. Wannan dakatawa ita ma takan zama wasa, domin da harara da ɗaga gira ake cike ta. A wani kashi na 1957, Lucy ta ɓoye ƙwai cikin rigarta, suka fashe a tsakiyar rawa, aka shafe fiye da minti guda ana dariya, 'yan wasan na tsaye suna jira. Babu marubucin da ya isa ya rubuta wannan mintin. Shi kansa marubucin yana gaban alƙalai ne, domin barkwancin da bai motsa kowa ba, tun kafin ya kai gidajen mutane an san ya mutu.

Abin yana da tasa illa. Jama'a na son a ɗaga murya, a maimaita kalmar da suka saba ji, don haka magana mai taushi kan sha wuya. Sai dai wannan illa ba ta kai ta dariyar gwangwani ba, wato wadda injiniya Charles Douglass ya riƙa liƙa wa shirye-shirye da na'urarsa tun shekarun 1950. Shi ya sa da BBC ta nuna shirin M*A*S*H a Ingila ba tare da ita ba, da yawa suka fi jin ɗacin yaƙin da ke ƙarƙashin raha.

Bahaushe bai jira Amurka ta koya masa wannan ba. Yaran da ke fita tashe daga goma ga watan azumi, da Macukule da Jatau Mai Magani, a gaban alƙalai suke wasa. Gidan da aka yi dariya su tsawaita, inda aka ɗaure fuska su taƙaita. Ɗan wasa da ɗan kallo, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ko da talabijin ya zo, bai raba mu ba. Ina yaro a ƙasar Faskari, akwati guda ne a unguwarmu, da batirin mota ake kunna shi. Ranar Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, ko Karambana na marigayi Ƙasimu Yero, tsakar gidan kan cika maƙil, yara a gaba, dattawa a baya. Mu ne jama'ar wasan. Dattijo ya yi gyaran murya, mu gane cewa an taɓo magana mai nauyi. Uwa ta kawar da kai, mu san iyakar raha. A nan muka koyi abin da ake wa dariya da abin da ba a yi wa.

Yau wannan zama ya yi ƙaranci. Tun kafin daren 11 ga Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, taron dare ya fara zama kasada a ƙauyukanmu. Kowa ya koma kan wayarsa, yana kallon gajeren barkwanci da aka liƙa wa sautin dariya, ba wanda zai ce masa wannan cin mutunci ne. Yawan masu latsawa ya maye gurbin fuskar dattijo.

Saboda haka ina kira ga gidan talabijin na jihar Katsina da Arewa24 da sassan Hausa na jami'o'inmu, su gwada ɗaukar wasan barkwanci a gaban jama'a, da rana, a zauren da ke da tsaro a Funtuwa ko Malumfashi. A gayyato mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har da waɗanda ke gudun hijira, su zauna a sahun gaba. Ƙasa ta sha jin kukansu, ya kamata ta ji dariyarsu, su kuma su ji ta juna. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya.