Kabewar da Iya ba ta kai wa coci

1/ Ƙarshen Oktoba, muna cikin mota a Magamar Jibiya muna jiran direba ya gama da ma'aikatan iyaka. Ni da kakata, Iya, za mu ƙauyen ƙanwarta da ke gaba da Ɗan Isa, hanyar Maraɗi, bikin godiyar kaka na cocinsu. Gaskiya ba da son raina na biyo ta ba.

2/ Dalili: a zumuntar ɗalibai ta jami'a mun kwashe mako biyu muna musu a WhatsApp kan Halowin. Ni ne mai zafin ciki. Na ce duk bikin da tushensa ya taɓa tsafi, Kirista ya nisance shi. Har na ƙara da cewa godiyar kakarmu ma a sake duba ta, don Maguzawa ma haka suke kai wa iskoki amfanin gona.

3/ Shi ya sa tun daga Katsina na ƙi taɓa ƙullin geron da za ta kai baiko. Tsohuwa ce ke ta fama da shi. Yanzu in na tuna, kunya nake ji.

4/ Ina duba waya sai ta leƙo, ta ga hoton kabewa an fafe ta, an yanka mata ido da haƙora. Ta ce, "Kai maigidana, Turawa ma suna shan kabewa ne?" Na yi dariya. Ita ko ba ta yi ba.

5/ Na yi mata bayani iya sanina. Daren 31 ga Oktoba ne, jajiberin ranar tunawa da tsarkaka, 1 ga Nuwamba. Da yawa suna danganta shi da wani tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ailan, Samhain, lokacin da suka ɗauka matattu na kusantar masu rai. A Amurka wasu coci-coci sun haramta shi. Wasu kuma a daren suke shirya nasu bikin kaka, a raba wa yara alewa, ban da shigar fatalwa.

6/ Ta ce to ai ta san irinsa. Iya a gidan Maguzawa aka haife ta, sai da ta yi aure ta tuba. Ta ce da kaka, in kabewa ta nuna, 'yan bori ba sa taɓa ta sai an yi bikin shan kabewa. Sarkin bori ya tara jama'a, a kwana ana goge da garaya, a dafa kabewa, masu hawa su hau. Gwaggonta na cikinsu. Ita ce ke riƙe mata zane in ta faɗi.

7/ Sai na ga dama ta samu. Na ce, "To Iya, kun gani. Wannan geron da za ku kai, meye bambancinsa da wancan?"

8/ Ta daɗe tana kallon masu turo jarkoki a bakin titi. Sannan ta ce, "Wancan don tsoro muke kaiwa, kada a kashe mana ɗa ko a ƙone gona. Kai ka taɓa kwana kana jin tsoron Inna? Ni na kwana. Wannan ba wanda ya ce zai yi mini komai in ban kai ba. Geron ba shi da laifi, a gonata ya fito."

9/ Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na gaba. Ta ce duk shekarun nan ba ta taɓa kai kabewa coci ba, kuma ba za ta kai ba. Gero, dawa, gyaɗa, wake, har zakara ta kai. Kabewa kam a'a. In ta gan ta a gaban bagade, kiɗan garaya take ji a kunnenta.

10/ Na ce ashe dai haramun ce. Ta ce, "Wa ya ce maka? A wurina ne. Matan zumunta suna kai tasu, ban taɓa hana kowa ba."

11/ Na sha karanta Romawa sura 14 da 1 Korintiyawa sura 8, inda Bulus ke magana kan abincin da aka miƙa wa gumaka da lamirin kowa. A musunmu ma an kawo su, na ture. Ni da ban taɓa ganin hawan bori ba sai a fim, ina kafa wa kowa doka. Wadda ta riƙe zanen kuwa kanta kaɗai ta kafa wa.

12/ Har yanzu ba zan sa kayan fatalwa ba, kuma ban ga abin da Halowin zai ƙara mana a Katsina ba. Amma saƙon da na rubuta kan godiyar kaka, a nan cikin motar na goge shi. Da muka sauka a Ɗan Isa ni na ɗauki ƙullin. Ta ce, "Yau kuma miji ya tuna da aikinsa?"

13/ Ran Lahadi wata yarinya ta shigo da ƙatuwar kabewa a ka, ana waƙa ana guɗa. Na saci kallon Iya. Kanta na ƙasa har aka ajiye. Da aka zo gwanjon kayan baiko, ƙanwarta ce ta saye ta jika guda ta sefa.

14/ Da dare aka yi miyar taushe. Iya ta ci, har ta ce a ƙaro mata.